Ranar da Aka Sauya wa Babur ɗin Maigida Salansa

A Roni muka zauna, shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa yana sayen sabon abu, wannan rediyo, wancan agogo. Maigidana bai sayi komai ba. Yana nan da tsohon babur ɗinsa baƙi da ya saya hannun wani malamin gona tun kafin a kawo ni gidan. Da shi yake zuwa kasuwar Gwiwa da ta Ɓaɓura sarin gero da wake.

Salansar babur ɗin nan tsatsa ta gama cinye ta, don da damina ta cikin rafi yake ratsawa da shi. Huda uku gare ta. In ya taso, tun daga bayan duwatsu nake jin sa: fat-fat-fat, sai tari, sai wata ƙara kamar an yar da faranti. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Daga jin farko zuwa tsayawarsa a ƙofar gida, sai a tuƙa tuwo a kwashe.

To, wannan ƙarar ita ke rufa min asiri. Ni ba fita nake ba, amma bayan la'asar matan unguwa sukan taru a tsakar gidana, wata da kaɗinta, wata da ɓarar gyaɗa, ni kuma in yi musu kwaikwayon mutane. Duk wanda na ji muryarsa ta katanga sau ɗaya, ya shiga hannu. Mai unguwa, mai kananzir, duk ina yin su. Amma wanda suka fi so shi ne maigida. In kafa tsohuwar hularsa, in tura zani a ciki ya zama tumbi, in yi gyaran murya. Da na ji fat-fat, sai a watse. Mutum ne mai son girma, na san ranar da ya gani ya hana taron, ni kuma duk duniyata ke nan.

Ya sha ƙoƙarin gyara. Ya taɓa yanka gwangwanin madara ya naɗe hudar, ya ɗaure da waya. Ina yi masa sannu da aiki, a raina ina roƙon Allah ya kwance. Kwana biyu gwangwanin ya faɗi a hanyar Gwiwa.

Ashe wata Laraba ya wuce Kazaure wajen mai walda, ban sani ba. Daga baya ya ba ni labari. Mai walda ya ƙwanƙwasa salansa da ɗan yatsa, gari ya zubo, ya ce, "Malam, a ina zan ɗora wutar? Ai tsatsa ce ke riƙe da tsatsa." Sai ya kwance masa wata daga jikin wani mataccen babur ya ɗaura.

Ranar kuwa mu takwas ne, har da Inna, tsohuwar maƙwabciyarmu. Ina tsaka da nuna yadda yake cinikin wake.

"Haba Alhaji! Wannan wake ne ko ƙwari ne suka yi taro?"

Suna ta faɗuwa. Shi kuwa ya iso shiru kamar a kan keke, ya tura babur zaure. Kuma ba halin ya shigo, matan mutane sun cika gida, wasu ko mayafi babu. Sai ya tsaya ya yi gyaran murya don a ba shi hanya.

Inna ta ce, "Kai, 'yar nan! Wannan ya fi na ɗazu. Sake yi!"

Ni na san ba daga maƙogwarona ya fito ba. Na daskare, hula a ka.

Ya sake yi, da ƙarfi, ya haɗa da sallama. Kafin in ƙifta ido babu kowa. Biyar ta ƙofar baya, wata ta haura dangar awaki. Inna kaɗai ta bi ta zaure, ina jin ta tana cewa, "Sannu da hanya, ɗan nan. Yau ina ƙarar?"

Na kai masa ruwa na durƙusa. Na cire hula, amma na manta da tumbi. Ya dube shi, ya dubi nasa. Ya ci tuwo, ni kuma ina ta ban kwana da taron a raina.

Da ya wanke hannu ya ce, "Ke. Haka nake yi?"

"Allah ya huci zuciyarka, Malam, sharrin shaiɗan ne."

"Ba shi na tambaye ki ba. Kina iya mai unguwa?"

Na yi masa kaɗan. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗu na motsi. Da ya farfaɗo ya ce mata su ci gaba da zuwa, amma shi a cire shi daga ciki, shi ba abin wasa ba ne.

Na kuwa cire shi. Bayan mako guda yana alwala, bai dube ni ba, ya ce, "Yau wa kika yi musu?"

"Mai kananzir."

"Sun yi dariya?"

"Sun ɗan yi."

"Kamar yadda suke yi wa nawa?"

"Ina! Ko kusa, Malam."

Ya ce, "Ai dama." Ya ci gaba da wanke ƙafa.