Abin da Gwaggo ta ce in ƙara a manhajata

Gwaggona mai kitso ce, ƙanwar babanmu. Shekara talatin tana shago ɗaya: kujera 'yar tsugunne, madubi mai tsaga a gefe, kibiya soke a ɗankwalinta. Kitsonta ba wai ya fi na kowa ba ne. Abin da ke kawo mata mata shi ne ba ta mantuwa. Ki zo yau, ki dawo bayan wata biyu, tana tsaga miki kai za ta ce, "Ya gwiwar maigidan? Autar taki ta daina tsoron makarantar?"

Bara hawan jini ya kwantar da ita. Ta tashi, hannu lafiya lau, amma kan ya fara zuba. Sai ta riƙe gashin mutum tana laluben abin da za ta tambaya.

Ni kuma a waya na koyi haɗa manhaja, ba wanda ya koya min, kuma ina ji da kaina. Na haɗa mata 'yar ƙarama. Mace ta tafi, Gwaggo ta danna hotonta ta faɗi hirar da suka yi. Ranar da ta dawo, wayar ta tuna mata abin da za ta tambaya. Na saka ta a intanet ma don mutane su gwada.

Bayan sati na ce, "To Gwaggo, ya kika gani?"

Ta ce, "Uwar iyayi, abin naki ya yi. Amma ina wajen abin da ba a tambaya?"

"Kamar ya?"

"Wata maganar ana faɗa miki ne don ki san inda ba za ki taka ba."

Na yi dariya. Na ce, "Gwaggo, ta tunawa na yi, ba ta rufe baki ba."

Ta ce, "Ke dai ki ƙara."

Ban ƙara ba. A satin wani ya rubuta cewa kalar manhajar kamar bangon asibiti. Kwana biyu ina wanke shi tas a gaban jama'a, sannan na je na canza kalar a ɓoye. Wanda ban taɓa gani ba na saurara, ita kuwa na ce tsufa ne.

Akwai wata malamar makaranta, shekara sha takwas Gwaggo ke mata kitso. Ta daɗe tana neman haihuwa, sai ga ciki. Gwaggo ta faɗa wa wayar har da guɗa. Zuwan da malamar ta yi na gaba, ta raɗa mata cewa cikin ya zube, kar ta tayar da maganar. Gwaggo ta rasa inda za ta ajiye wannan a wayar, ta ce za ta riƙe a ka.

Wata biyu bayan nan malamar ta dawo, shago cike. Wayar ta nuna abin da aka ba ta. An kai rabin kai Gwaggo ta leƙa, ta ce da fara'arta, "Malama, ya nauyin jiki? An fara sayen kayan jariri?"

Malamar ta miƙe. Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta ɗauki jakarta ta fita.

Da na zauna ƙara wajen abin da ba a tambaya, ko awa biyu bai ci min ba. Na kai wa Gwaggo, ta ce in ajiye mata wayar a kan tebur.

Sau biyu ta je gidan malamar ban haƙuri. Na biyun ni na raka ta. Matar ta karɓe mu da mutunci, ta kawo ruwa, ta ce wallahi ya wuce. Ɗankwalinta ya ɗan zame, na ga sabon kitso.

Muka kamo hanya har muka kusa gida. Sai Gwaggo ta ce, "Hannun ba laifi. Amma an ja mata gaban goshi da yawa, ita kuma ba ta son a ja. Ba za ta faɗa musu ba."