Farantin da Baba Ya Mayar Sama

Kakata ba ta yarda a yi tatsuniya babu wuta ba. A Alƙahira kuwa ina za ka ga murhu? Muna zaune a wani tsohon gini bayan kasuwar Ataba, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, lokacin Baba yana karatun digirinsa na ƙarshe a fannin fiƙihu. Aikin ido ne ya kawo Kaka daga Zariya. Aka yi aiki, ido ya buɗe, ita kuma ta ce ba inda za ta sai ɗanta ya gama abin da ya kawo shi. To in sanyi ya kama, bayan magariba sai ta ja ni kicin, ta kunna butagaz, murhun gas ɗin nan, ba tukunya ba komai a kai, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Umma ta yi ta mita gas zai ƙare. Kaka ta ce, "Ya ƙare mana. Ni na haifi mai sayen."

Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara, Baba kuma ya ce Ummi. Shi Baba ɗan farinta ne, don haka ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "mai karatun nan". In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan ta taso tun daga Zazzau, takwara, wa zai tare ta?" Ni kuma in ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma." Daga nan har kiran isha'i ba ni da sauran sanyi.

A samanmu akwai wata tsohuwa, Madam Rashel, Bayahudiya, ita kaɗai. Danginta duk sun bar Masar tun kafin a haifi Baba. Ita ta ƙi, ta ce a nan aka binne uwarta. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwasa mata yatsu har ba ta iya ɓare lemo. A matakala suka haɗu da Kaka, don a wuri ɗaya su biyun suke tsayawa su huta. Larabcin Kaka daga Fatiha sai yalla, ita kuwa Madam ba ta san ko sannu ba, amma sai ka same su sun yi rabin wuni tare, ni ce tafinta, in na gaji su ci gaba da hannu. Kaka in ta yi dambu sai an kai sama, kwanon kuma bai taɓa dawowa wayam ba.

Shekarar da nake ba ku labari, Madam ta ce bikinsu na Hanuka ya zo, bikin fitilu. Ta ce a zamanin da, ɗan man da bai wuce na kwana ɗaya ba ya yi ta ci a wurin ibadarsu har kwana takwas, shi ya sa ake kunna fitila kuma ake cin abin da aka soya a mai. Kakanninta daga wata ƙasa mai ƙanƙara suka zo, su suka taho da wata suya da ake kira latkes. Ta ce ta daɗe ba ta yi ba. Ba hannun gogawa, kuma wa za ta soya wa? Da na fassara, Kaka ta ɗaure zani ta ce, "Ce mata ga hannu, ga kuma bakuna a ƙasa."

Ranar tun bayan azahar muna sama. Na goge dankalin Turawa da karas da albasa a greta, da wata 'yar kabewa koriya, ina hawaye, Kaka tana mini tsiya wai haka zan yi kuka ranar da za ta riga ni miji. Madam ta shimfiɗa farin ƙyalle, aka zuba, ta ce sai an matse ruwan tas, in ba haka ba zai wargaje a mai kuma ya yi ta fallatsa. Kaka ta murɗa ƙyallen nan kamar mai matse wanki, ta kwance, Madam ta taɓa da bayan yatsa ta girgiza kai. Aka sake. "Wannan tsohuwa da ƙa'ida take," in ji Kaka, tana dariya. Aka fasa ƙwai, aka barbaɗa fulawa da gishiri. Kaka ta nemi a sa attaruhu, Madam ta rufe kwano da hannu biyu. Suyar dai ba ta bari kowa ya yi mata ba. Ta riƙe cokali a tsakanin yatsun nan nata, ta zuba, ta danna ya yi faɗi, ta tsaya har gefe ya yi ja. Tana yi tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da harshen da ban sani ba. Kaka ta ɗanɗana ta ce, "Ƙosan Yahudawa ke nan. Ba laifi, sai dai ba yaji."

Kaka ta riga ni sauka don yin salla. Madam ta jera na farkon a farantinta mai bakin zinariya, wanda ban taɓa ganin ta sauko da shi daga kabad ba, ta ce, "Na doktor ne. A ci da zafi." Baba take nufi. Tun bai gama karatu ba take ce masa doktor.

Na tarar Baba da baƙi, ɗalibai 'yan'uwansa daga unguwar Hayyus Sabi'. A cikinsu akwai Malam Tukur, mutumin da in ya yi gyaran murya sauran ke yin shiru, ba don ya fi su sani ba, sai don bakinsa ya kai har gida Najeriya. Na yi sallama na ajiye farantin cike da alfahari, na ce da ni aka yi, na bikin Madam ne. Har wani ya miƙa hannu. Malam Tukur ya ce, "Wane biki?" Na faɗa. Sai ya juya wajen Baba yana murmushi, ya ce, "Ma sha Allah, akhi. Ashe har idin Yahudu ake yi a gidan nan?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe: Baba ya san amsar. Ni da kunnena na ji shi yana karantar da ayar da ta halatta abincin ma'abota littafi, na ji shi yana faɗin haƙƙin maƙwabci ko da ba addininku ɗaya ba. Kalma biyu ta ishe shi. Amma sai ya dubi farantin, ya dubi Malam Tukur, ya miƙe ya ɗauka ya fita. Na bi shi a guje ina cewa, "Baba, a juye mana, ko ba za a ci ba." Bai waiwayo ba.

Madam ta buɗe ƙofa da fara'a, ta ga farantinta yana tururi kamar yadda ta bayar. Baba ya jero mata Larabci mai kyau, na littafi, wai muna godiya amma akwai uzuri. Ta sa hannu biyu ta karɓa, da ƙyar. Ta ce, "Gishirin ne ya yi yawa, ya doktor?" Ya juya zai sauka. Ta ce, "Ma'alish," wato ba komai. Ta rufe ƙofar a hankali.

Ni na gaya wa Kaka, tana kan darduma. Ta naɗe dardumar, ta kama hannuna zuwa kicin, ta kunna wuta, ta buɗe ƙofar kicin ɗin ta tokare da turmi don falo ya ji. Ranar ba ta tambayi wa zai tare ta ba.

"An yi wani gari," in ji ta, da muryar da ta kai har matakala, "da wata tsohuwa a bayan ganuwa. Ba yarensu ɗaya ba, ba alƙiblarsu ɗaya ba, amma wutarta ba ta mutuwa. Kowace safiya yara na zuwa da katangar fasasshiyar tukunya su ɗebi garwashi." Ta ce tsohuwar ba ta da wanda za ta dafa wa, abincinta bai fi loma uku ba, saboda masu ɗiba kawai take tashi cikin sanyi ta gyara itace. Sai aka yi wani mai baki a garin, ya ce wutar bare ba ta da tsarki. A garin kuma akwai wani mai sani, wanda ya san wuta wuta ce. Rannan tsohuwa ta ga ba hayaƙi a gidan mai sanin, ta zuba garwashi a katanga ta aika masa. Mai baki yana zaune a zaurensa. Mai sani ya ɗauki garwashin ya taka har bayan ganuwa, ya ajiye mata a bakin ƙofa.

"Da jahili ne ya yi, takwara, da sai mu ce Allah ya ba shi sani. To wannan me za mu roƙa masa?"

Ta ci gaba, ta ce daga ranar tsohuwa ba ta ƙara gyara itace ba. Damina ta zo, aka kwana ana ruwa, wutar gari duk ta mutu. Suka ɗunguma bayan ganuwa da katangunsu, mai baki a gaba, suka tarar da toka mai sanyi. Garin nan ya yi ta cin ɗanyen gero har ciki ya kumbura. Nan ta tsaya, ba ta rufe tatsuniyar ba. Baƙi suka fara neman takalma, kowa na cewa dare ya yi alhali ko isha'i ba a kira ba.

Baba ya leƙo kicin ya ce, "Iya, ai da kin bari sun tafi." Ta ɗago kai ta ce, "Abdullahi." Umma ta saki cokalin da ke hannunta. Ni kam ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Abdullahi, a gidan wa ka ga an mayar da kwano da abincinsa? Ko wanda ake zargi da maita ya aiko, juyewa ake yi, a wanke, a sa ko goro ne a mayar. Matar nan da yatsun da ba sa miƙewa ta soya maka. Tir! Albasa ba ta yi halin ruwa ba." Ya ce ba ta san Tukur ba ne, kafin su koma gida zai ɓata masa suna a ko'ina. Ta ce, "To ka riƙe sunan."

Washegari muka hau da kwanon fura da dabino. Madam ta karɓe mu da kirki, ta ba mu shayi. Kaskon suyar yana rataye a bango, an wanke. Kaka ta ce in gaya mata ga hannu ya dawo, akwai sauran dankali. Madam ta ce a'a, hannunta na ciwo, mai ma yana sa ta tari. Kaka ta yi roƙo, ta yi wasa, har ta ce ta yafe attaruhun. Murmushi kawai Madam ta yi. Ba ta daina gaisawa da mu ba, kwanonmu ma bai daina dawowa da abu ba, sai dai biskit ne na kanti a ledarsa, wanda hannunta bai taɓa ba. Da sanyi ya zagayo Kaka ta sake tayi, ta sake ƙi. Kafin wani sanyin Madam ta rasu.

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne wanda ya wulaƙanta maƙwabci zai gani a ƙwaryarsa. Na girma, na yi aure, na dawo garin nan ina zaune a unguwar Faisal, sai na gane Kaka ƙara wa tatsuniyar damina ta yi don ta huce. A zahiri ba wanda ya ci ɗanyen gero. Baba ya gama karatu, ya koma gida da sunansa lafiya lau, yana karantar da ayar nan har yau, kuma yana karantar da ita daidai. Ina ƙaunarsa, ubana ne, amma in na ji yana haƙƙin maƙwabci sai in tashi in bar wurin. Mutum ɗaya ce ta biya, ita ce kuma ba ta yi laifin komai ba.

Bara Malam Tukur ya zo Alƙahira ganin likita, mijina ya kawo shi gida cin abinci. Ya tsufa, ya yi laushi, yana ta sa wa yarana albarka. Na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi, zuciya ta ƙi. Na ce, "Malam, ka tuna gidanmu na Ataba? Ka tuna tsohuwar sama, da farantin da aka mayar mata?" Na shirya wa musu, na shirya wa hujja, har istigfari na shirya wa. Ya ɗan yi tunani da gaske, yana taunar nama, sannan ya dube ni da fuskar da ba ƙarya a cikinta.

Ya ce, "Wace tsohuwa, 'yata?"