Sunan Ummu Mu'ayyad a banki

Nayif, wanda muke kira Abu Mu'ayyad, direban motar 'yan makaranta ne a nan garin Zarƙa, ƙofarsa na kallon tawa a hawa na huɗu. Mutumin kirki, wallahi, zai ba ka rigar jikinsa. Amma taurin kai, ko jakin mai gishiri albarka.

Da bashin banki ya sayi gidan, kamar mu duka. Yana biya lafiya lau har makarantar ta rage motoci, aka datse masa albashi. Biyan wata ya fara tsallake wata. Da banki suka kira shi, ni ya ja na raka shi.

Wata yarinya mai natsuwa muka tarar, ta yi masa bayani dalla-dalla. Za su iya ƙara masa shekaru, su sassauta abin da yake biya, muddin biyan bai wuce rabin abin da ke shigowa gidan ba. Da albashinsa kaɗai, ko an sassauta, ya haura rabin.

"Baffa, babu wani mai samu a gidan? Idan matarka na da sana'a, mu haɗa da nata, ta sa hannu, shi ke nan ka shiga."

Na ji sanyi a raina. Matarsa Ummu Mu'ayyad ce ke yin makdus, gautar nan da ake cusa wa barkono da tafarnuwa a jiƙa a man zaitun, kantuna uku take kai wa. Abin da take samu ya isa har ya yi saura.

Sai gogan naka ya gyara zama ya ce, "'Yata, matata ba ta aiki. Ni nake riƙe da gidana."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya janye. A mota na zazzage shi tas. Na ce, "Kai, Abu Mu'ayyad, girman kai rawanin tsiya ne. Wa zai ji? Takarda ce kawai."

"Gobe a ce a shagon kofi mace ce ta ceci gidan Nayif? Bar ni."

Matata ta tsegunta wa tasa. Ummu Mu'ayyad ta same shi da maganar, ta lallaɓa, ta yi kuka. Shi kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya rantse da saki cewa sunanta ba zai shiga banki ba. Ka san mutanenmu da wannan rantsuwa, bakin ya riga hankali. Yanzu in ta sa hannu, aure na rawa. In ba ta sa ba, gida na rawa.

Mafita na nan, ya je wurin malamin fatawa ya faɗi yadda aka yi, a duba masa. Amma zuwan ma kunya ce a wurinsa. Yau sai gobe, gobe sai bayan Juma'a. Ranar da ya je, malamin bai ɓata lokaci ba, ya ce ya yi kaffara kawai. Suka garzaya banki shi da ita, ta ci ado. Yarinyar ta ce su yi haƙuri, wa'adi ya wuce, maganar tana kotu.

Har yau abin na ci mini rai. An sayar da gidan a gwanjo da bazara.

Ranar tashi, shi da kansa ya riƙa sauko da kwalaben makdus, rungume a ƙirji, hawa huɗu, maƙwabta na tsaye. Ba wanda ya yi dariya. Mai wankin motoci ma cewa ya yi, "Ummu Mu'ayyad, a sabon wurin za mu riƙa zuwa saye ko za a kawo mana?"

Nayif ya ajiye kwalbar, ya dube ni.

"Abu Laith, ashe sun sani?"

"Kowa ya sani. Har liman nata yake ci."

Ya zauna a kan matakala, ya daɗe bai tashi ba.