Fangalin da Ban Ba Ruwa Ba

Na yi nisa a karatun mandiƙi da tauhidi a zauren malaminmu a Jega lokacin da aka kawo wani sabon Bature. Nasara ba su daɗe da cin ƙasar ba. Ni kuwa a lokacin magidanci ne, da mata ɗaya da ɗan gemu. Baturen ya nemi mai koya masa Hausa, malam ya dubi ɗalibansa ya zaɓe ni. Ya ce na fi kowa son gardama, gara in kai ta can.

Baturen saurayi ne dogo, wuyansa kullum ja. Kafin a turo shi ya yi shekaru a babbar makarantar ƙasarsu yana karatun falsafa, ba ta mutanen da ba, ta masanansu na baya-bayan nan. Aikin da aka ba shi a nan duba gyaran hanya ne. Da bakinsa ya fara kama Hausa sai ya daina tambayata sunan jaki da na tulu, ya koma karantar da ni.

Wata rana da hantsi ya ƙyasta ashana ya kusantar da ita ga ɗan ƙullin auduga, ta kama.

Ya ce, "Malam, me ya ƙone ta?"

Na ce, "Allah, ranka ya daɗe."

Ashe so yake in ce wuta, don ya warware mini. Duk da haka ya ci gaba. Ya ce masanansu sun gano ba wanda ya taɓa ganin wuta tana sa ƙuna. Ana ganin wuta, ana ganin ƙuna a bayanta, sabo ne ya ɗaure su a zukatanmu. Na ce mu ma haka muke karantawa, hukuncin al'ada muke ce masa. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun kafin kakan malamina. Ya hura tokar audugar ya ce a koma kan sunayen dabbobi.

Amma maganar ta shige ni. Mu mun ce Allah ne ke halittar ƙunar, muka tashi muka tafi kasuwa. Su sun ce ba a sani ba, suka zauna a nan. Na yi watanni ina juya wannan.

Da rani na raka matata ganin gida a Aliero. Surukina manomin albasa ne, yana da lambu a fadama da jigo biyu na ɗibar ruwa. Na same shi yana ɗibar ruwa, na gaishe shi, sannan na ga ya dace in amfanar da shi.

Na ce, "Baba, ka san ba a tabbatar ruwan nan ne ke raya albasa ba?"

Ya ajiye guga. "Mi kac ce, Malam?"

Na yi masa bayani tun daga ashana. Ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai kunyar suruki. Sannan ya nuna wani fangali a bakin lambu, wanda bai daɗe da dasawa ba.

Ya ce, "Wanga naka na. Ba mai zuba mishi ruwa."

Na karɓa, don ba yadda zan yi. Na koma Jega na bar matata, ina jiran labarin bushewarsa.

Fangalin bai bushe ba. Da na dawo ɗaukar iyali na tarar da ganyensa kore shar, da aka haƙa kuma albasar ta fi ta maƙwabta girma. Surukina ya tsaya a kanta ya daɗe. Daga ranar ya fara cire takalmi idan zai gaishe ni. Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa daga Katanga, har daga Maiyama, suna neman in rubuta musu abin da za su binne a lambu. Wani Bafillace ya tambaye ni ko abin yana yi wa shanu.

A hanyarmu ta komawa, tana bisa jaki ina ja, matata ta ce, "Malam, albasarka ta yi kyau."

Na ce, "Ikon Allah."

Ta ce, "Ikon Allah ne. Yaya ma ya sha wahala."

Ashe ita ta roƙi yayanta ya riƙa zuba wa fangalin ruwa duk lokacin da tsohon ya tafi masallaci, kada a yi wa mijinta dariya a garinsu. Shi kuwa don tsoron kada a gane, sai ya riƙa zubawa da yawa, har ya ƙara da taki.

Na kai wa Baturen labarin duka. Ya yi tunani sosai, sannan ya ce ko da yayan ya zuba ruwa, abin da aka gani kawai shi ne ruwa ya gabata, albasa ta biyo. Na ce haka ne. Ya nemi in kawo masa albasar, na kawo, kukunsa ya soya masa da ƙwai.

Bayan damina aka mayar da Baturen wata ƙasa. Na je na gaya wa surukina gaskiya a gaban ɗansa. Ya ce ya ji, amma masu irin wannan baiwa dama ɓoyewa suke yi. Shekarar da ta biyo ya sake ware mini fangali, biyu ma, yayan matata kuwa ya daina yi mini magana har aka yi girbi.