Ƙamshin Lemu a Gidan Suruki

Shekarar da gatari ya sari Inna a ƙwauri, na kasa zama wuri ɗaya. Tana faskare a ƙauyenmu wajen Ɗan Gulbi abin ya faru, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da harkarta. Sai da ciwon ya fara wari ƙanena ya sako ta a mota ya kawo mini ita Dakoro, gidan mijina.

A gidan likita wata anfirmiye, ma'aikaciyar jinya, ta wanke ciwon, ta ba da magani, sannan ta ce Inna ta buɗe baki. Dasashi ya kumbura, ana taɓawa sai jini. Ta tambayi abin da take ci. Me kuwa ake ci a ƙauye ƙarshen rani? Fura da tuwo da miyar busasshiyar kuka. Matar ta ce jikin Inna ya rasa bitamin C, wanda ke taimaka wa fata ta haɗe, kuma a ɗanyen abu aka fi samunsa, irin su lemu da tumatir. In ciwon bai fara rufewa ba, in ji ta, sai dai babban gidan likita na Maraɗi. Yadda ta kalli ƙafar sa'ad da ta ce Maraɗi shi ya tayar mini da hankali.

Ɗanyen tumatir dai tun a hanya Inna ta ce ita ba akuya ba ce. Ran kasuwa na ciko kwando da lemun zaƙi na dire gabanta. Ta sa mini albarka, ta tura kwandon ƙarƙashin gado. Da aka kwana biyu sai na ga masu zuwa dubiya suna fita da lemu ƙulle a bakin zane.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. In shiga ɗakinta, in fito, in ɗora tukunya in manta da ita, in koma in ɗaga ƙyallen ciwo alhali ba lokacin buɗewa ba ne. Na yi lallashi, na yi fushi. Rannan na ɗauko wuƙa zan fere mata da kaina, ta riƙe mini hannu.

"Ke ba ki da hankali?" ta ce a hankali. "Tuwo in na ruhe ƙohwa na ci, wa ya sani? Amma wanga abu, ko ke kika ɓare shi, ɗaki sai ya ɗauka, hannuna sai ya ɗauka. Yaron nan ya zo gaishe ni, ya ji ƙamshi, ya san na zauna ina tsotso kamar yarinya a gidanshi? Gara ƙahwar ta tahi."

Yaron nan shi ne mijina, mai furfura a gemu. Na san suruka ba ta cin abinci gaban mijin 'yarta, haka muka taso muka gani. Amma ban taɓa tunanin kunya za ta kai har ga ƙamshi ba. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san Inna ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Da ya dawo na juye masa duka, har da hawaye, kamar shi ya sare ta. Ya tashi ya shige ɗakinsa, wannan ya ƙara ƙular da ni.

Washegari bayan la'asar ya shigo da lemu a leda. Mutumin da na sani ba ya shan lemu, yana kashe masa haƙora, yana tayar masa da ƙwannafi. Ya shimfiɗa tabarma kusa da ƙofar Inna, ya gaishe ta daga waje, ya zauna yana ferewa. Ya sha, ya ba yara, ya bar ɓawo warwatse. Tsakar gida ta gauraye da ƙamshi har zaure. Sannan ya bar sauran ferarrun a kwano gefen labule, ya sa takalmi ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba.

Na laɓe a madafa ina leƙe. An daɗe, sannan na ga hannu ya fito ta ƙasan labule ya ja kwanon.

Haka ya yi ta yi kullum. Ni dai ban daina ɗaga ƙyallen ba. Jinin baki ya fara tsayawa, daga baya gefen ciwon ya yi ja, ya soma matsowa. Anfirmiye ba ta sake ambaton Maraɗi ba.

Ranar da Inna za ta koma, ya durƙusa nesa ya yi mata sallama, kansa a ƙasa, ita kuma tana kallon bango. Sai a tasha, ta riga ta ɗora ƙafar a mota, ta jawo ni kusa.

"Ki hwaɗa ma mai gidan nan shi huta hakanan," ta ce. "Ina hangen shi ta labule. Kowane tsotso sai ya runtse ido."