Abincin Manaja a Firizar Mai Lemo

Injiniya muke ce masa a layinmu, ko da yake makarantar da ta ba shi sunan ita ce bayan firji. Shekara ashirin da 'yan kai yana durƙushe a can, yana ɗura gas, yana liƙe bututu, yana sauraren kwamfiresa kamar likita ya kara kunne a ƙirjin mara lafiya. Firjin gidansa kuwa ya mutu tun bara waccan, har ya zama ma'ajiyar takalma. In ka tambaye shi, sai ya ce yana kan layi.

Da matarsa ta samu gurbin kwas na wata shida a wani gari, shi ya ce ta tafi, zai riƙe 'yarsu. Yarinyar watanta goma, haƙora huɗu. Manaja muke kiranta, don wuni take zaune cikin ƙaton kwali a tsakiyar shago tana yi wa kowa tsawa.

Babbar yayarsa, wadda ta goya shi yana ƙarami kuma ba ta bari ya manta, ta aiko cewa namiji ba ya rainon mai koyon cin abinci. Za ta zo ranar Asabar ta gani da idonta. In ba ta gamsu ba, za ta tafi da yarinyar gidanta har uwar ta dawo, gidan kuwa tafiyar yini ce. Injiniya ya ce ta zo, amma Manaja ko bakin layi ba za ta wuce ba.

Yana da abin da ya dogara da shi. Duk Lahadi yakan rufe shago ya ɗora tukwane: wake, kabewa, dankali, karas, kifin da ya tsince wa ƙaya da ɗan hantsakin aikinsa bayan ya tafasa shi. Tukunya ɗaya ce tasa da ta 'yarsa, sai dai yakan ɗebe nata kafin ya zuba gishiri da barkono. Kowane yanka tsawon yatsansa, kaurin bututun jan ƙarfe, yadda za ta damƙa wani abu ya leƙo ta saman hannu. In bai murƙushe tsakanin yatsa biyu ba, ya koma tukunya. Sai ya jera a ƙananan robobi, ya manna takarda ya rubuta yadda ya saba yi wa kayan mutane: "Talata, rana. An gwada, lafiya lau."

Ina yake daskarar da su, tunda nasa ya mutu? A ƙa'idarsa, duk firizar da ya gyara sai ta yi kwana uku a kunne da kaya a ciki kafin ya sallame ta, wai firiza fanko ba ta faɗin gaskiya. Don haka abincin Manaja ya kwana a firizar rabin unguwar nan ba tare da masu su sun sani ba.

Ranar Juma'a mai lemo ta ƙarshen titi ta zo ɗaukar tata. Injiniya ya goge mata ita, ya ɗaure murfin da igiya da hannunsa, ya taya ɗora ta a mota yana yabon aikinsa.

Bai tuna ba sai washegari da hantsi, bayan Yaya ta zauna, ta ajiye jaka, ta ce a kawo abincin nan da ake ta ba ta labari. Ya juya kusurwar shago inda firizar mai lemo take a da, ya ga zanen ƙura mai kusurwa huɗu da wayar wuta a yashe. Yaya ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Tashi kawai ta yi ta fara naɗe rigunan Manaja tana turawa a jaka.

Ya saɓi 'yarsa a kafaɗa ya fita. Yaya ta biyo shi da jakar, mu kuma muka tuna duk muna jin ƙishirwar lemo.

Mai lemo ta tarbe shi da cewa ta ga robobi talatin da ɗaya, ta ɗauka kyauta ce ga mai yawan kawo gyara. Ta ɗanɗana ɗaya, kuma tana ba shi shawara ya tsaya a kan firji, don girkinsa ko gishiri babu. Ya ari risho ɗinta ya ɗumama robar Asabar har ta yi tururi, ya fifita ta huce, ya shimfiɗa kwali tsakanin akwatunan kwalba ya zaunar da Manaja.

Yaya ta zaro cokali daga jaka. Manaja ta dube shi, ta dube ta, ta ture hannun ta wawuri karas. Cikin yanka bakwai, huɗu sun shiga baki, ɗaya ya tafi gashi, ɗaya ta miƙa wa mai lemo, na ƙarshe har yau ba a san inda ya shiga ba.

"Wannan ci ne ko ɓarna?" in ji Yaya. "Kai da cokali na ciyar da kai, ga ka nan ƙato."

"Shi ya sa sai da na yi gemu na koyi dafa ruwan zafi, Yaya. Ita da hannunta za ta ci, a gabana. Ki zage ni, ki kira uwarta, ki tara mini dangi. Amma jakar nan a nan za ta kwana."

Yaya ta sunkuya ta ɗauki yarinyar. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Manaja ta ɗora mata tafi mai kabewa a kunci, ta cusa mata guntun dankali a baki. Yaya ta tauna a hankali, ta ce bai dahu sosai ba, alhali narkewa yake yi. Daga nan ta miƙa wa Injiniya 'yarsa, ta zazzage rigunan a kan akwatin lemo, ta rataya jakarta.

Ba ta ce ya yi daidai ba, kuma ba na jin za ta taɓa faɗa. Motar la'asar ta hau ita kaɗai.