Famfon Gidan Mai Gyaran Famfo

Duk unguwar babu gidan da mai gyaran famfon nan bai shiga da jakar sifanunsa ba. Yakan kasa kunne a jikin bango ya gaya maka inda bututu ya fashe tun kafin a fasa siminti. Amma famfon tsakar gidansa ya yi shekara da shekaru yana yoyo, har 'yan majalisar unguwa suka samu abin tsokana.

"Wanzami ba ya son jarfa!" in ji tela maƙwabcinsa, duk lokacin da ya gan shi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce.

Dalilinsa yana nan a bayan famfon. Inda ruwan ke jiƙa bango, wani ganye ya tsiro a tsagar bulo, kore shar, mai kama da gashin tsuntsu. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sabon tohonsa kuma a nannaɗe yake fitowa kamar wutsiyar hawainiya. Ba wanda ya san sunansa a gidan, sai ake ce masa ganyen Inna.

Inna mahaifiyarsa ce. Ƙarfi ya ƙare, ido ya yi rauni, surukarta ta karɓe girki, jikoki sun karɓe shara. Aiki ɗaya ya rage mata a duniya. In yaro ya ƙuje gwiwa ko ƙwaro ya cije shi, sai ta lallaba ta tsinko ganyen, ta dandaƙa a bayan faranti, ta shafa tana faɗa. Babban ciwo kam asibiti ake kai shi, ita ma ba ta musu. Ko ganyen ne ke aiki, ko hannunta, Allah masani. Shi dai ya san ranar da bangon ya bushe, ganyen zai mutu, Inna kuma ta zama baƙuwa a gidan ɗanta. Wannan ne ba ya son gani.

Rannan tela ya shigo babu wasa a fuskarsa, ya ja shi zuwa ɗakinsa. Danshi ya ratso bango, fenti ya kumbura, yadin mutane ya fara fumfuna.

"Maƙwabci, na yi kawaici har na gaji," in ji tela.

Mai gyara ya shafa bangon, ya ji kunya ta rufe shi. Gaskiya ce, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Ya koma gida ya ɗauko sifana. Aikin da ya ƙi yi shekaru bai kai tafasar shayi ba, sai dai garin sauri ƙarfe ya yanke shi a yatsa.

Ya yi ta yayyafa wa ganyen ruwa da buta safe da yamma, amma ina! Ganyen ya saba da ɗigon da ba ya yankewa. Ya yi ja, ya kakkarye. Ranar da ya hangi Inna tana laluben busasshen bangon, sai ya ƙarasa wurinta. Ya durƙusa a gefenta.

"Inna, ki yafe mini. Na gyara famfon."

Ta juyo. "Kai ka gyara? Da hannunka, Auta?"

"Ni ne, Inna."

"Alhamdu lillahi! Ashe ka iya!" Ta tafa hannu. "Ni duk zatona gyaran ne ya gagare ka. Kullum ina jin ana yi maka dariya a waje, raina na ɓaci. Shi ya sa na riƙe ganyen nan ƙam, duk wadda ta shigo in ce mata saboda maganina ka bar shi. Wa zai so a ce ɗansa bai iya sana'arsa ba?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, da furfurarsa da komai, sai dariya ta kama shi, hawaye na biye da ita.

Inna ta laluɓo hannunsa, ta ji tsumman da ya ɗaure yatsan da shi.

"Wannan fa? Kai dai ba ka girma."

Ta kwance tsumman a hankali. Babu ganyen da za ta shafa. Sai ta kai yatsan bakinta ta hura masa iska, ta kuma riƙe hannun ta ƙi saki.